Ruwa mai ja ƙasa: yadda masu nutso ke kuɓuta, da abin da ya shafi Bakolori

Ruwa mai ja ƙasa igiya ce da ke gangarowa a jikin bangon murjani a cikin teku, ta tafi da mai nutso zuwa zurfin da bai yi niyya ba. An san ta a Kozumel ta Meziko, da tsibiran Palau, da Nusa Penida ta Indunisiya. Takan taso ne idan igiya ta bugi bango ta rasa hanya sai ƙasa, ko ruwan sanyi mai nauyi ya zubo daga saman dutsen.

Alamarta ta farko ita ce kumfar numfashi, wadda maimakon ta hau sai ta bi ƙasa. Haɗarin yana ninkuwa da zurfi: kowace mita 10 tana ƙara matsi, rigar iska ta tsuke, jiki ya ƙara nutsewa, iskar tukunya ta ƙare da wuri. Daga wajen mita 30 kuma hankali kan fara gushewa.

Wanda ya tunkari igiyar kai tsaye zuwa sama, ƙarfinsa zai ƙare kafin nata. Yawanci ba ta da faɗi, saboda haka ake koyar da cewa a hura rigar iska, a yi iyo a kaikaice, ana nisantar bangon har a fita daga bakinta. Idan dutse na kusa, a kama shi a hau a hankali. Da zarar ta saki mutum, sai ya rage iskar rigar nan take, domin hawa da gaggawa yana iya fasa huhu.

Zamfara ba ta da teku, amma tana da bango. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ita ke shayar da gonakin Maradun da Talata Mafara da Bakura, kuma idan an yi haɗarin ruwa masu nutson gargajiya ake kira, da numfashin ƙirjinsu kawai. Jan ruwan ƙofar madatsa daban yake da na teku, ya kuma fi shi muni: yana manne mutum a bakin ƙofar, iyo a kaikaice ba ya fid da shi. A nan, ƙa'idar aikin nutso guda ce: a rufe ƙofar, a tabbatar ruwa ya daina wucewa, kafin kowa ya shiga.