Wace Waya? Sunayen da ke Bin Igiyar Parabol

A Gazawa ne babban layin lantarkin da ya taso daga Katsina, mai kilovolt 132, yake rabuwa: reshe ya nufi Maraɗi, reshe ya nufi Damagaram. Kayan kallo ma da yawansu daga kudu suke shigowa, daga kasuwannin Kano da Katsina, su ratsa Jibiya da Ɗan Isa. Wasu kuma ta Yamai suke biyowa, da takardunsu na Faransanci. Shi ya sa a Agye, da Gazawa, da Gidan Runji, kusan kowane ƙarfe da ke kan rufi ko bayan akwatin kallo yana amsa suna biyu, wani ma uku.

Akwatin kansa talabijin ne a Katsina, tele ne a Tsibiri. Kalmar asali rabinta Girkanci ne, rabinta Latinanci, ma'anarta gani daga nesa. Bahaushen kudu ya riƙe ta dukanta, ya mai da v ta koma b, ya cusa wasula inda harshe ke tuntuɓe. Bafaranshe kuwa ya datse mata wutsiya, mu ma muka karɓa a datse. To amma ɓangaren da aka jefar shi ne gani, wanda ya rage shi ne nesa. Duk wanda ya ce ya sayo tele, nesa ya sayo ya ajiye a ɗaki.

Sai farin ƙarfen nan mai zurfi da ke kan soro. A can dish, a nan parabol.

Dish a Ingilishi kwanon abinci ne, kuma Larabawa ma da tabaƙ suke kiransa, wato faranti. Tushen dish ɗin shi ne diskos na Girkawa, wani abu mai faɗi zagayayye da ƴan wasa ke jifa. Daga wannan tushen ne kuma aka sami disk, wanda ake ajiye fim a cikinsa. Ashe abin da ke kamo hoto a kan rufi da abin da ke adana shi a cikin dikoda ƴan uwa ne na jini. Hausa ta riga ta raɗa wa na biyun suna tun zamanin garmaho: faifai, na rufe ƙwarya. Na farkon ne aka bari da sunan aro, alhali shi ma faifai zai karɓe shi.

Parabol kuma ba daga kicin ya fito ba, daga ɗakin lissafi ya fito. Sunan wani lanƙwasasshen layi ne, wanda Apollonius na Perga ya raɗa masa fiye da shekara 2000 da suka wuce. Halinsa shi ne duk abin da ya sauko masa a miƙe sai ya tattara shi wuri guda, kuma a daidai wurin nan ake kafa ɗan ƙarfen da ke fuskantar kwanon. A Girkanci kalmar na nufin ajiye abu kusa da wani don a gwada, wato misali. Da ta daɗe a bakin mutane sai ta lalace ta zama parole, magana, da parler, yin magana. Wannan yana burge ni ƙwarai: mai ɗaura parabol a Caduwa yana ɗaura kakar kalmar magana ce ta Faransawa, kuma abin da take kawo masa ke nan.

Ɗan ƙarfen da ke gaban kwanon, masu gyaran da suka koyi aiki da Faransanci tet suke ce masa, wato kai. Waɗanda suka koya a Najeriya haruffa uku suke kira, LNB, kuma haruffan sun ƙi narkewa a baki. Na fi son kai, domin ya faɗi gaskiyar aikin. Saƙon da ke saukowa daga sama yana tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, ya fi ƙarfin wayar gida ta ɗauke shi da nisa. Kan ne ke ƙara masa ƙarfi, ya sassauto da shi zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150, sannan ya miƙa wa waya.

Wanda ya aiko saƙon kuwa, mun ce masa tauraron ɗan Adam, Larabawa suka ce wata ƙirar hannu. Sunansa na Turawa kuma daga satelles ya fito, wanda a Latinanci bafade ne mai take wa babba baya, kuma Kepler ne ya ara wa watannin da ke kewaya Jupita wannan suna. Irin na talabijin suna jere a saman ikwaita, a nisan kilomita 35,786, suna zagaye daidai da juyin ƙasa, shi ya sa a idonmu ba sa motsi. Shi ya sa kuma duk parabol ɗin ƙasar Maraɗi kudu yake fuskanta, ko maso gabas ko maso yamma, gwargwadon ko Arabsat ake nema, ko Nilesat, ko wanda Canal+ ke kai.

Akwatin da ke ƙarƙashin tele, wasu risiba, wasu dikoda. Ba ɗaya ba ne in an bi diddigi. Risiba mai karɓa ne, irin Strong ɗin nan da ya cika gidaje, wanda ke kama tashoshin kyauta. Dikoda mai kwance ƙulli ne, wanda sai an biya kuɗin wata yake buɗe abin da aka rufe. A kasuwa dai an gauraya su, ba wanda ya yi asara.

Abin da suke kamowa ma, kowane harshe da yadda ya gan shi. Faransanci ya ce shen, sarƙa. Ingilishi da Larabci suka ce magudanar ruwa, kuma ita ce kanal ɗin da ke cikin sunan Canal+. Hausa ta ce tasha, wurin da mota ke tsayawa a sauka a hau.

Yanzu mu zo kan waya, inda gizo ke saƙar.

Ba na jin akwai baƙuwar kalma da ta yi kaka-gida a Hausa kamar wannan. Ta shigo a matsayin siririn ƙarfe, wire. Da aka shimfiɗa ta a kan turaku ta zama wayar tangaraho, ofishinta ya zama gidan waya. Ta zama wayar tarho. Da aka cire ƙarfen baki ɗaya ba ta tafi ba: aka ce wayar iska, yau kuma ga wayar salula a aljihu, ba ko zare a jikinta. Mutum na iya buga waya ya ce a sayo masa waya don ya yi cajin waya, kuma kowa ya fahimce shi.

A shagon mai kayan wuta ne alherin nan ke zama matsala. "Malam, a ba ni waya mita talatin." "Wace iri, Alhaji? Ta kuran, ta parabol, ko ta intanet?" Nan sai kwatance da hannu.

Ƴan sana'ar a nan Nijar sun fi cewa kabul, daga câble. Masu bin asalin kalmomi sun mai da ita ga capulum na Latinanci, igiyar kama dabba. Wasu na ganin hablu na Larabci ya sa hannu a ciki. Ko ta ina aka bi, igiya ce.

Ta parabol ɗin, cikakken sunanta kowaksiyal. Yanka ta ka gani: tsinken tagulla a tsakiya, farar roba ta lulluɓe shi, sai saƙar siraran ƙarafa da takardar gwangwani, sai riga daga waje. Tsinken da saƙar duk cibiyarsu ɗaya, kuma abin da sunan ke faɗa ke nan, masu tarayya a cibiya. Saƙar ce ke tsare saƙo kada ya zube, ta kuma hana hayaniyar waje shiga. Oliver Heaviside ne ya yi wa dabarar rajista a Ingila a 1880, tun ba a san talabijin ba. RG-6 da ake gani a jikin rigarta ragowar lambobin sojan Amurka ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Bakinta mai murɗi, fish F a bakin ƴan Faransanci, ba shi da allurar kansa: tsinken wayar ne da kansa ke leƙowa ya shiga rami.

Me ya sa duk wannan ya dame mu? Saboda gidan Bahaushe ba falo ɗaya ba ne. Ga turakar maigida, ga ɗakin uwargida, ga na amarya, ga shagon samari a zaure, kuma daren da ake ƙwallo shi ne daren da ake shirin Arewa24. Hanya mafi araha ita ce a ja waya daga bayan dikoda ɗaya a rarraba ta ɗaki ɗaki. Kowa zai ga hoto, amma hoton da mai riƙe da rimot, ko telekomand, ya zaɓa. Wanda ya ce to bari ya tsaga wayar da ta sauko daga kai ya ba dikoda biyu, shi kuma zai tarar da wani abu: wayar nan ba saukowa kawai ake yi ta cikinta ba, ana hawa. Dikoda na tura wa kai volt 13 ko 18, da wani sauti mai kilohaz 22, don ya gaya masa rukunin tashoshin da yake so. Dikoda biyu a waya ɗaya mahaya biyu ne da linzami ɗaya, wannan ya ja dama, wancan ya ja hagu. Maganin shi ne kai mai baki biyu ko huɗu, kowane ɗaki da wayarsa.

Wannan kallo ne kai tsaye. Ajiye shiri don a kalla daga baya fa?

Fi'ilin ma abin tsayawa ne. Record na Ingilishi, tushensa mayar da abu cikin zuciya, kusa da abin da muke cewa hadda. Enregistrer na Faransanci shigarwa ne a littafi, ɗan uwan rajista. Hausa ta ce ɗauka, ta kuma ce naɗa. Naɗa ta dace da kaset, wanda zarensa ke naɗewa a zahiri. Kaset ya tafi, ba abin da ke naɗuwa a cikin faifan dikoda, amma har gobe a gidajen rediyo naɗar shiri ake yi.

Inda kuɗi ya yawaita, ana haɗa akwatunan gida su san juna. DStv na da tsarin XtraView, inda dikoda biyu ko uku ke zama a kan biya ɗaya, babbar tana aika wa ƙananan wata ƴar alama ta wayar kowaksiyal lokaci lokaci. Sunan alamar a Ingilishi bugun zuciya. In ya yanke, ƙaramar ta rufe. A Amurka an wuce nan: kamfanoni sun kafa ƙawancen MoCA a 2004 don a riƙa tura bayanan kwamfuta ta tsohuwar wayar talabijin, DirecTV kuma na da ɗan akwatinsa DECA mai irin wannan aiki. Da shi, abin da aka naɗa a falo sai a kalle shi a ɗakin kwana. A garuruwanmu abin da aka fi sani ya fi wannan sauƙi: risiba mai ramin USB, a soka masa kile, wato makulli a Faransanci, filas a bakin ƴan Najeriya, a naɗa, a zare, a ba yaro ya kai ɗaya sashen.

Ɗaya wayar, wadda mai shago ya kira ta intanet, sunanta na gaskiya etanet. Kusancin sunayen ya sa ake ɗaukar su abu guda. Intanet haɗin duniya ne. Etanet haɗin cikin gida ne, yana aiki ko babu rezo ko kaɗan: dikoda da kwamfuta na iya miƙa wa juna fim ta cikinsa ba tare da an sayi data ba. Rezo kanta, réseau, raga ce ta kamun kifi a asali, kamar yadda net ɗin da ke ƙarshen sunayen biyu raga ne. Mu muka bar masunci muka koma wa gizo da yanarsa.

Eta ɗin farkon fa? Girkawa na kiran tsarkakkiyar iskar can sama aither. Masana kimiyya suka ari sunan suka ba wani abu da suke zaton ya cika sarari, wanda haske ke tafiya a cikinsa, har gwajin Michelson da Morley na 1887 ya neme shi bai same shi ba. A 1973 Robert Metcalfe, yana aiki a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto, ya tono mataccen sunan ya ba wayar da za ta kai saƙo ga kowace na'ura da ke jikinta. Larabci ya karɓi kalmar tuntuni, athir, masu rediyo na faɗinta har yau. Da ta can ta biyo zuwa Hausa, da th ta koma s, da ta yi karo da asiri, wanda shi daga sirru ya fito, ba dangin iya ba na baba.

Ga kuma abin da ya fi daɗi: etanet na farko a kan wayar kowaksiyal ya yi tafiya. Sai a 1990 aka tsayar da ƙa'idar da ta mai da shi kan siririyar wayar da muka sani. DECA da MoCA mayar da shi gidan haihuwarsa kawai suka yi. Bahaushen da ya kira su duka waya bai yi nisa da tarihi ba.

Duk da haka mai saye na bukatar suna biyu, kuma ina ganin Hausa na da su a hannu. Ta parabol, waya mai tsinke. Ta etanet, waya mai tufka. Fere rigarta: zare takwas ne, biyu biyu, kowane biyu an murɗe su da juna yadda ake tufka igiyar rama. Dabarar ta Alexander Graham Bell ce tun 1881. Hayaniyar da ta taɓa zare ɗaya tana taɓa abokinsa daidai wa daida, sai na'ura ta soke ta. Kowace tufka cikin huɗun da irin matsewarta, don kada su saurari juna. Wayar tana kai saƙo mita 100, wanda ya ishi yawancin gidaje daga zaure har ƙurya, sai dai irin ta cikin ɗaki ba ta jimre ranar bazara, gara a sa ta a bututu. Wurin ɗaura mata baki ne gwani ke bambanta da ɗan koyo, domin dole a warware tufkar kafin a jera zaren takwas a ramukansu, kuma ƙa'ida ba ta yarda warwarar ta wuce milimita 13 ba.