Abuja Ta Asali: Daular Da Ta Fake A Cikin Duwatsu

Kwanakin baya muna zaune bakin shago nan Barkin Sale bayan la'asar, sai wani yaro da ya gama sakandare ya ce wai Abuja ba ta da tarihi, gwamnati ce ta zana ta a takarda ta zuba siminti. Na ce masa, yaro, Abuja biyu ce. Ta farkon kana ratsa ta duk ran da ka hau mota daga Minna, tafiyar kamar kilomita 100, amma da wani suna ka san ta, watau Suleja. Wannan hira ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Asalin labarin daga Zariya yake. A zamanin jihadin Shehu Usmanu, Malam Musa ya karɓo tuta ya nufo Zazzau, Sarkin Zazzau a lokacin kuwa Muhammadu Makau ne. Labarin da mutanen Abuja suka riƙe shi ne, ranar salla aka auka masa yana filin idi a bayan gari, bai sami damar komawa cikin birni ba. Su sun ce a 1804 ne, wasu masu bincike kuma suka ce 1808. Ni ba alƙali ba ne tsakanin magabata, Allah Ya jiƙan su duka. Abin lura dai shi ne Makau bai miƙa wuya ba. Ya yi kudu da jama'arsa har Zuba, ƙasar Koro, waɗanda tun da can suna kai gaisuwa Zazzau. Nan ya yi sansani yana yaƙi, har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825.

Ƙanensa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi. A 1828 ya kafa gari kusa da kogin Iku, aka zagaye shi da ganuwa, garin ya ci sunansa. To, duk wanda ya san wurin ya san ba da ka aka zaɓe shi ba. Duwatsu ne ko'ina, ga kurmi, ga dutsen Zuma tsaye kamar dogari. Dawakin da ke sukuwa a filayen Zazzau in sun zo nan ba su da sakewa. Sarakunan Zariya sun kawo hari ba sau ɗaya ba, ba su ci garin ba. Ga Zazzau a arewa, ga Nupe a yamma, ga Keffi da Nasarawa a gabas, duk masu tuta, amma wannan ƙaramar daula ta zauna a tsakiyarsu ba ta biya kowa haraji ba.

Akwai wata ƙasa da na sha jin labarinta a rediyo, wadda duk ran da aka ambace ta sai Abuja ta faɗo mini a rai. Sunanta Butan, can cikin duwatsun Himalaya, matse tsakanin Indiya da Sin, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Su mabiya addinin Buda ne, ba ruwansu da namu, amma dubi yadda labarin ya zo ɗaya. A 1616 wani babban malamin addininsu, Ngawang Namgyal, ya gudo daga Tibet saboda rikicin gado, ya haɗa kan kwarurukan ƙasar, ya gina manyan gidaje masu katanga da suke kira zong, rabi wurin ibada rabi fada. Rundunonin Tibet suka biyo shi sau da yawa, dutse ya mayar da su. Turawan Ingila sun yaƙe su a 1865 sun karɓe musu filayen kudu, amma ba su mulki ƙasar ba. A 1907 suka naɗa sarkinsu na farko na gidan Wangcuk, a 1949 suka yi yarjejeniya da Indiya kan za su riƙa jin shawararta a harkokin waje, a 1971 suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Maƙwabciyarsu Sikkim, ita ma masarautar Buda, Indiya ta haɗiye ta a 1975. Su kuwa sun rufe ƙofa sosai, baƙi masu yawon buɗe ido sai 1974, talabijin sai 1999.

Abuja ma ta rufe ƙofa, amma ɗan kasuwa ya san ba a rayuwa da rufaffiyar ƙofa. Ciki ba ya cin ganuwa. A zamanin Abu Kwaka, da ake wa laƙabi da Dogon Sarki, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, aka fara ciniki da Bida da Zariya, fatake suka riƙa shiga da fita. A ganina wannan sarki ya fi sauran hangen nesa, domin ya gane abokin gaba a fagen fama yana iya zama abokin ciniki a kasuwa.

Sai kuma abin da ba mu cika son faɗi ba. Sarkin da ya biyo baya, Ibrahim, kirarinsa Dodon Gwari. Wannan suna ba a wasa aka samo shi ba. Daular da ta ƙi a mallake ta, ita ma ta kai hare-hare ƙauyukan Gbagyi ta kama bayi. Mu da muke zaune yau a ƙasar Gbagyi, muna sayen doyarsu, 'ya'yanmu suna aji ɗaya da nasu, ya kamata mu san cewa in muna ba da wannan labari da alfahari, akwai maƙwabcin da kakanninsa suka ba shi labarin da hawaye.

Abin da tuta ta kasa, bindigar Bature ta yi. A 1902, bayan an yi ta tare hanyar fatake tsakanin Lokoja da Zariya, Turawa suka kawo yaƙi suka ci garin, Sarki Ibrahim ya rasa ransa a wannan rikici. Aka naɗa Muhammadu Gani, bayansa Musa Angulu a 1917, sa'an nan Sulaimanu Barau a 1944, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar kafin ya hau gado.

Amma gadon bai ɓace ba. Tsarin sarautun Zazzau na dā, su Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, har da sarautun mata irin Sarauniya da Iya, a nan ya tsira. Hassan Makaman Abuja da Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin garin da al'adunsa, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952. Da wani mai bincike, M. G. Smith, ya so gano yadda ake mulkin Zazzau kafin jihadi, ga Abuja ya dogara. Har yau sarkin garin Sarkin Zazzau ake kiransa. A wannan gari kuma aka buɗe makarantar ginin tukwane a 1951, inda Ladi Kwali, 'yar Gbagyi, ta yi sunan da ya kai hotonta kan takardar naira 20.

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala ya ba da sanarwar sabon babban birnin tarayya, a ranar da aka ƙirƙiro Jihar Neja. Kaso mafi girma na filin daga wannan ɓangare aka yanka. Sa'an nan aka karɓi sunan ma, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sulaimanu Barau. Aka ja iyaka ta bar shi a waje. Gwamnati ta tare a sabuwar Abuja ranar 12 ga Disambar 1991, yau kuma dubban ma'aikatan da haya ta fi ƙarfinsu a birnin, a Suleja da Madalla suke kwana, su yi sammako su wuce ta gindin Zuma.

Yaron nan ya tambaye ni, to Baba, me aka ba su a madadin sunan? Na buɗe baki ke nan aka kira magariba, muka tashi alwala.