Yadda Aka Koyi Auna Kolestarol

Kolestarol wani maiƙo ne da hanta ke sarrafawa, ana kuma samunsa a ƙwai da nama da man shanu. A cikin tsakuwar matsarmama aka fara gano shi a Faransa, kuma Michel Chevreul ne ya raɗa masa suna a 1815. Auna yawansa kuwa sai da ya daɗe yana gagarar masana.

A 1885, Carl Liebermann na Jamus ya lura cewa idan aka zuba masa ruwan asid mai ƙarfi yakan rikiɗe ya koma kore, daga baya Burchard ya kyautata dabarar. Gwargwadon duhun launin, gwargwadon yawan maiƙon. Sai dai launi ba shaida ba ne mai ƙarfi, domin akwai wasu sinadarai a jini da ke gurɓata shi, likita ya karanta adadin da ba shi ne ba. Shi ya sa a 1952 Abell da Kendall suka tsara a fara ware maiƙon daga jinin kafin a rina shi. A 1974 Allain da abokan aikinsa suka kawo gwajin enzayim, wanda asibitoci ke bi har yau.

Sha'anin abinci ya fi sarƙaƙiya. Man gyaɗa, alal misali, yana ɗauke da dangin kolestarol irin na tsirrai, su ma suna ba da launi, sai a ɗora wa man laifin da ba nasa ba. Don haka ake saka samfurin abinci a na'urar kromatogirafi, ta rarrabe su ɗaya bayan ɗaya kafin a auna.