Ranar da Inna ta fara dangwala yatsa

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidanmu ke kira Inna, ta haura shekara arba'in kafin ta taɓa jefa ƙuri'a. Ta aurar da 'ya'ya mata biyu, ta shekara fiye da ashirin tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga cikin gida a Tudun Wadar Zariya, har takan tallafa wa mijinta Malam da kuɗin haraji idan shekara ta yi wuya. Amma a idon doka ba ta isa a tambaye ta wa zai mulke ta ba. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato takan kira ni ta ce, "Ke kishiya, ina katinki?" Sai na nuna mata sannan hankalinta ke kwanciya. Na daɗe ban fahimci wannan naci nata ba.

Tun zaɓen 1951, wanda aka yi a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Makfasan, maza ne kaɗai ke zaɓe a Arewa, su ma hawa-hawa: talaka ya zaɓi wakili, wakilin ya zaɓi wani, a matakin ƙarshe kuma En'e ta ƙara nata mutanen. Da aka zo babban zaɓen tarayya na Disambar 1959, wanda ya kai mu ga 'yancin kai, matan Gabas da na Yamma sun fita sun yi layi, matan Arewa suna gida. Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila, Inna ta yi guɗa tare da maƙwabta, alhali rabin manyan mutanen Arewa, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, ba su sa hannu a gwamnatin da ta karɓi mulkin ba.

Hujjar jam'iyyar da ke mulkin Arewa, NPC mai fartanya, ita ce addini da al'ada ba su yarda ba, kuma mutanen Arewa ba su shirya ba tukuna. Ban taɓa gamsuwa da wannan hujja ba. A ƙasar nan ce Nana Asma'u ta tsara 'yan taru, tana naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, kusan shekara ɗari kafin a fara wannan muhawara. Ga kuma 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka: dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka a 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Ke nan Bahaushiyar Maraɗi tana da ƙuri'a, ƙanwarta da ke aure a Jibiya ba ta da ita, ga harshe ɗaya, ga alƙibla ɗaya. Abin da nake gani shi ne masu mulki sun san iyakar mazan da dagatai da hakimai za su iya juyawa, ba su san abin da zai fito daga bayan zaure ba idan aka buɗe ƙofa.

Waɗanda suka ɗauki maganar da gaske su ne 'yan NEPU, jam'iyyar neman sawaba da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. A cikinsu ba wanda ya biya farashi kamar Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya, ta tashi a Zariya, karatun bokonta bai wuce firamare ba. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta shiga NEPU, ta zama shugabar mata a Sabon Garin Zariya. Ta yi tattaki har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda ake haɗa kan mata. Da ta je Kano tana shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, aka kama ta aka ɗaure. Sau goma sha shida tana shiga kurkuku a rayuwarta. An yi mata bulala, an aske mata kai, an hana ta zaman Kano.

Inna ba ta taɓa zuwa lacca ba, ba a barinta. Amma ta ce labarin Gambo ta bakin 'yan talla da masu kitso yake shigo musu. Wasu matan suna zaginta, suna cewa ta zubar da mutunci. Inna ta ce ita ma a fili takan yi shiru, a zuci kuwa tana yi mata addu'a. Wannan maganar ta fi komai tsaya mini a rai, domin na tabbata irin Inna suna da yawa, waɗanda tarihi bai ƙidaya ba.

Jamhuriya ta farko ta faɗi a Janairun 1966 ba tare da matan Arewa sun yi zaɓe ko sau ɗaya ba. Sai a 1976, a gyaran ƙananan hukumomi na gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, aka ba su dama, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da ita ga duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18. A zaɓen 1979 ne Inna ta fita. Ta ce ta ɗaura atamfar da take ajiye don biki, ta yafa mayafi, suka tafi su huɗu daga gidan zuwa makarantar firamaren unguwa. Malam ya gaya mata inda za ta dangwala, ta ce to. Da ta shiga ita kaɗai, ta nemi makulli, alamar PRP, ta dangwala. A shekarar, a ƙarƙashin PRP, Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna, Abubakar Rimi ya ci Kano, aka soke haraji da jangali. Inna ta rasu tana da yaƙinin cewa yatsanta na cikin waɗanda suka sauke wa Malam wannan kaya. Ita kuwa Gambo a lokacin tana GNPP ta Waziri Ibrahim, ba ma jam'iyyar da Inna ta zaɓa ba, kuma wannan bai rage komai daga bashin da take bin mu ba.

Yau mu ne muka fi cika layi ranar zaɓe, tun da hantsi, da goyo a baya. Amma cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa da aka zaɓa a 2023, huɗu kacal ke hannun mata, kuma har yanzu babu jihar da ta taɓa zaɓen mace gwamna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na gani da idona a rumfar zaɓenmu: ana raba wa mata taliya da sabulu da turmin atamfa, ana nuna musu inda za su dangwala. Ban zargi matar da yunwa ta sa ta miƙa hannu ba, na san halin da gidaje ke ciki. Wanda ya mayar da yunwarta jari shi ne babban mai laifi.

'Yan'uwana mata, ku karɓi katinku, ku tambayi ɗan takara me ya yi wa asibitin haihuwa da makarantar 'yan mata da rijiyar unguwa, kuma bayan zaɓe ku koma ku sake tambayarsa. Ku gaya wa 'ya'yanku wace ce Gambo Sawaba. Ta rasu a Oktoban 2001, babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi.