Aguwa a Tarihin Ƙasar Gumel

Wanda ya bi hanya daga Gagarawa zuwa Gumel, ko ya zarce Maigatari, ba ya rasa ganin jerin aguwa a bakin gonaki da burtali da maƙabartu. Masu rubuta tarihi ba su cika kula da ita ba, sabo da hankalinsu ya fi komawa ga sarauta da yaƙi. Amma a inda ba a saba rubuta iyakar gona a takarda ba, shingen aguwa yana cikin manyan shaidu.

Aguwa tana cikin jinsin da masana tsirrai ke kira Euphorbia, sunan da Linnaeus ya tabbatar a 1753. Asalinsa daga Euphorbus ne, likitan Sarki Juba na Biyu na arewacin Afirka. 'Yan'uwanta su ne tinya da ƙerana da fid-da-sartse. Tinya da ƙerana suna da kauri da ƙaya, har baƙo ya kan ɗauke su kaktus, alhali kaktus asalinsa Amurka ne, zaman ƙasar fari kaɗai ya haɗa kamanninsu. Alamar jinsin ita ce farin ruwa kamar nono wanda ke fita in an karya reshe. Na tinya dafi ne, an sa shi cikin haɗin dafin kibiya.

Likita J. M. Dalziel ya tara waɗannan sunaye cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Kafin nan, a 1911, N. E. Brown ya raɗa wa aguwar Afirka ta Yamma suna Euphorbia sepium, watau ta shinge. Daga baya aka haɗe ta da Euphorbia balsamifera ta tsibiran Kanariya, sai a 2021 bincike ya sake raba su. Ke nan da aikin da manomi ya ba ta aka san ta har a Latin.

Dalilin zaɓenta a fili ya ke. Ana sare reshe a kafa shi a rairayi da rani, ya kama ba tare da ban ruwa ba. Dabbobi ba su cika cinta ba, tana kuma tare yashi da iska ke kwasa.

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen 1750, tana bin Barno, sa'an nan Damagaram ta rinjaye ta a 1872, Turawan Ingila suka karɓe ta a 1903. Canjin da ya fi taɓa gonaki kuwa shi ne hanyar jirgin ƙasa daga Kano, wadda ta ratsa Gagarawa ta kai Nguru a 1930. Da gyaɗa ta sami hanyar fita, noma ya faɗaɗa, daji ya ragu, sai iyakar da a dā ba a damu da ita ba ta zama abin ƙara. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta zo ne don kare wuraren kiwo, amma a bakin gona shinge ne ke nuna inda noma ya tsaya.

Sabo da haka mai bincike yana iya karanta aguwa. Jeri biyu masu tafiya tare suna nuna faɗin burtali sa'ad da aka dasa su. Da'irarta a inda babu gida ta kan nuna kufai ko tsohuwar maƙabarta. Sai dai shinge ba ya faɗin shekararsa, dole a haɗa shi da bakin dattawa da na masu unguwanni.

Duk shingen da aka tumɓuke don ƙarin kunya biyu ko uku, shaida ce ta tafi, kuma a kan irin wannan ne manomi da makiyayi kan yi rigima. Ya kamata malaman kwalejojin horo su tura ɗalibai ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar su auna tsofaffin shingaye, su rubuta wanda ya dasa su da zamanin sarkin da aka dasa, tun dattawan da suka sani suna raye.