Foggara: Neman Ruwan da Yashi Ya Binne

Mai karatun tarihin Kano ya san Shehu Maghili, wanda ya taso daga Tuwat, a Aljeriya ta yau, ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Tambayar da ta daɗe a raina ita ce: da wane ruwa garuruwa irin su Tamantit suka rayu a tsakiyar Sahara? Amsar ita ce foggara.

Foggara dogon rami ne a ƙarƙashin ƙasa. Ana haƙa rijiyoyi a jere daga tudu zuwa kwari, a haɗe gindinsu, sai ruwa ya gangaro da kansa har cikin gonakin dabino, ba guga ba inji. Iraniyawa na kiransa kanat, kuma UNESCO ta sa nasu cikin kayan tarihin duniya a 2016. A Fezzan ta Libiya ma, Garamantawa sun haƙa ɗaruruwa a kwarin Ajal. Kada mu manta, a Tuwat bayi ne suka sha wahalar haƙar, da yawansu daga ƙasashen baƙar fata aka kai su.

Yau famfunan burtsatse sun janye ruwan ƙasa, foggara da dama sun ƙafe, yashi ya cike bakinsu, dattawan da suka san hanyarsu suna ƙarewa.

Nan ne awon lantarki ya shigo. Conrad Schlumberger ya gwada shi a Faransa a 1912, Frank Wenner na Amurka ya fito da tsarinsa a 1915. Ana kafa ƙarafa huɗu a layi: biyu su tura wuta cikin ƙasa, biyu su auna. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin wuta ta wuce, amma ramin da iska ta cika yakan tare ta. Gwargwadon tazarar ƙarafan, gwargwadon zurfin da awon zai kai. Irin awon da masu haƙar burtsatse ke yi a garuruwanmu ne. A Iran da shi ake gano tsofaffin ramuka kafin a ɗora gini, don kada ƙasa ta rufta da mutane.

Sai dai na'ura alama kawai take nunawa. Dutse ma yakan yi kama da rami, sai an tona a tabbatar. Shi ya sa nake ganin a fara zama da dattawan nan tun suna raye, sannan a kafa ƙarafa.