Daga Daɓe Zuwa Tayil: Tarihin Ƙasan Ɗaki a Goronyo

'Yan'uwana mazauna birane, da yawanku kun aiko da kuɗi an gina muku gidaje a nan gida, an shimfiɗa tayil gwanin sha'awa. Sai dai na shiga ɗakuna da dama na tarar tayil ya kumbura ko ya dare tun bai ci damina uku ba. Wannan shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi yadda iyayenmu suke gyara ƙasan ɗaki.

A zamanin ƙuruciyarmu daɓe aikin mata ne, kuma gayya ake yi masa, musamman idan za a kai amarya. Da farko a share ɗaki a baje shi, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa. Daga nan mata su durƙusa a jere, kowace da madaɓinta, suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kama jikinta. A ƙarshe a zuba ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a rufe ɗakin sai ya bushe. Irin wannan daɓe yakan shekara da shekaru.

Da kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a Sakkwato a 1967, sannu a hankali siminti ya ture makuba. Aikin madatsar ruwan Goronyo, wanda aka kammala a 1984, ya ƙara fito da ginin zamani a idon jama'a. Daga baya tayil ya iso.

Amma fa ƙasar kwarin Rima tana nan da halinta. Laka takan kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ambaliyar 2010 kuwa ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa gini. Tayil ba ya lanƙwasa, don haka da ƙasa ta motsa sai ya fashe. Maganin abin shi ne a yi ciko da jar ƙasa, a daddaɓe ta kashi-kashi, a shimfiɗa leda don tare laima, a zuba kankare a riƙa ba shi ruwa. Siminti yana bukatar kamar kwana 28 kafin ya yi ƙarfi sosai. Sai an daidaita samansa da yashi da siminti sannan a ɗora tayil.

Saboda haka, kada ku matsa wa magini wai sai an gama kafin Sallah. Ku tambaye shi abin da ya sa a ƙarƙashi tukuna. Allah ya albarkaci gidajenmu, amin.